Farautar Sitop, Abokin Tagwaitakar Kwak Mafi Nauyi

Kwak ɗin top shi ne mafi nauyi a cikin dukkan ƙananan ƙwayoyin da kimiyya ta tabbatar da samuwarsu. Wata ka'ida ta ilimin fiziks ta ce yana da abokin tagwaitaka, wanda masana suka raɗa wa suna sitop. Yau fiye da shekara 30 ke nan ana neman wannan aboki a manyan na'urorin gwara ƙwayoyi na Turai da Amurka, har yanzu ba a yi ido huɗu da shi ba. Shirin na yau zai bayyana abin da ya sa ake nemansa, da yadda ake neman, da inda aka kwana.

Duk abin da ido ke gani, dutse ne ko ruwa ko jikin ɗan Adam, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. A tsakiyar zarra akwai cibiya inda furoton da niyutiron suke, ilektiron kuma yana kewaye da su. Furoton da niyutiron su ma suna da 'yan ciki, domin kowannensu kwak uku ne a ɗaure. Kwak iri shida ne. Biyu mafiya sauƙi sun wadatar wajen gina duk abin da ke doron ƙasa. Sauran huɗun ba sa daɗewa a raye, sai an samar da su ta hanyar karo mai tsananin ƙarfi, nan take kuma su rikiɗe zuwa wasu ƙwayoyin.

A 1973 wasu masana biyu 'yan ƙasar Japan, Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa, suka nuna cewa lissafi yana bukatar kwak shida, alhali a lokacin uku kaɗai aka sani. An gano na biyar, mai suna botam, a 1977 a cibiyar bincike ta Fermilab da ke kusa da Shikago a Amurka. Na shida, wato top, ya ba da wahala. Sai a 1995 ƙungiyoyi biyu na masu bincike, CDF da D0, suka tabbatar da shi a na'urar Tevatron ta wannan cibiya. Nauyinsa ne ya jawo jinkirin. Masana suna auna nauyin ƙwayoyi da ma'aunin GeV, kuma furoton guda bai cika GeV ɗaya ba. Top yana da kusan GeV 173, wato nauyin furoton kusan 184, daidai da zarra sukutum ta ƙarfen tungistin. Rayuwarsa kuwa gajeriya ce ƙwarai: in za a rubuta ta a daƙiƙa, sai an jera sifiri 24 bayan ɗigo kafin a rubuta 5. Kusan kullum yana rikiɗewa ne zuwa kwak ɗin botam da wata ƙwaya mai suna W.

Wannan nauyi na top shi ne tushen zancen. A ranar 4 ga Yuli, 2012, cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba ta sanar da gano ƙwayar Higgs, mai nauyin GeV 125. Bisa ga Daidaitaccen Tsari, wato ka'idar da ta tattara abin da aka sani game da ƙananan ƙwayoyi, ƙwaya tana samun nauyinta ne daga cuɗanyarta da filin Higgs, wanda ya game sararin halitta baki ɗaya. Gwargwadon cuɗanya, gwargwadon nauyi. Tun da top ya fi kowa nauyi, shi ya fi kowa cuɗanya da Higgs. To, cuɗanyar ba ta tsaya a ɓangare ɗaya ba. Ka'idar kwantam ta nuna cewa Higgs yana iya juyewa na ɗan ƙanƙanin lokaci ya zama top da kishiyarsa, wato ƙwaya irinsa mai akasin caji, sannan ya koma yadda yake, kuma wannan kai da komowa tana shiga lissafin nauyin Higgs ɗin kansa. Idan babu wani sabon abu da ba a sani ba tsakanin ƙarfin da ake kaiwa a yau da matakin Planck, wanda ya kai GeV 1 mai sifiri 19 a bayansa, to gudummawar top ya kamata ta ja nauyin Higgs zuwa can sama. Amma 125 aka auna.

A takarda ana iya daidaita lissafin, sai dai daidaitawar tana da ban mamaki. Kamar ɗan kasuwa ne da ya buɗe littafinsa a ƙarshen shekara, ya tarar kuɗin da ya shigo lamba ce mai tsawon fiye da gurbi 30, kuɗin da ya fita shi ma haka, daga hannun mutanen da ba su san juna ba, amma da aka cire wannan daga wancan sai 'yan nairori suka rage. Babu dokar da ta hana hakan faruwa. Amma duk akawun da ya gani zai ce akwai wani tsari a ɓoye da ke haɗa ɓangarorin biyu. Wannan ita ce matsalar da sitop zai warware idan akwai shi.

Ka'idar da ta haifar da shi ita ce ka'idar babban daidaito, wadda masana ke taƙaita sunanta da SUSY. Yuri Golfand da Evgeny Likhtman ne suka fara rubuta ta a Mosko a 1971. Dmitri Volkov da Vladimir Akulov suka zo da tasu siffar a Harkof a 1972, sannan Julius Wess da Bruno Zumino suka fito da ita a Yammacin Turai a 1974, daga nan ta bazu. A 1981 Savas Dimopoulos da Howard Georgi suka tsara yadda za a ɗora ta a kan ƙwayoyin da aka sani.

Ƙwayoyi gida biyu ne, kuma abin da ya raba su wata siffa ce da ake kira juyi. Kwak da ilektiron da niyutirino juyinsu rabi ne, gidansu ana kiransa famiyon, su ne tubalan gini. Foton mai ɗauke da haske, da guluwan mai ɗaure kwak, da W da Z da Higgs, juyinsu cikakkiyar lamba ce, ɗaya ko sifiri, gidansu bosan. Babban daidaito ya ce kowace ƙwaya a wannan gida tana da abokin tagwaitaka a wancan. Cajinsu na lantarki ɗaya, yadda suke jin ƙarfin guluwan ɗaya, juyi ne kawai ya bambanta da rabi. Sitop ke nan: top ne a komai, amma juyinsa sifiri. Amfanin wannan shi ne, a lissafin kwantam gudummawar famiyon da ta bosan alamarsu kishiyar juna ce. Abin da top ya sa a nauyin Higgs, sitop ya cire shi. Da nauyinsu ɗaya ne, da sun soke juna tas.

Nauyinsu kuwa ba zai zama ɗaya ba. Da abokin ilektiron yana da sauƙin ilektiron, da tuni an gan shi tun ƙarnin da ya wuce. Saboda haka dole abokan tagwaitakar sun fi 'yan'uwansu nauyi, sokewar kuma ba ta cika ba, akwai saura. Sauran yana ƙaruwa da nauyin sitop, kuma ƙaruwar mai sauri ce: in nauyin ya ninka sau biyu, sauran ya ninka kamar sau huɗu. Shi ya sa kafin a kunna na'urar LHC ta cibiyar CERN masana da yawa suka sa ran sitop ba zai wuce GeV 1,000 ba, wato TeV ɗaya. Abokan sauran kwak masu sauƙi suna iya yin nauyi sosai ba tare da lissafi ya lalace ba, domin cuɗanyarsu da Higgs kaɗan ce. Sitop ba shi da wannan damar. Ƙari a kan haka, ka'idar ta ce sitop biyu ne, suna gauraya da juna, gaurayar kuma tana tura ɗaya sama ta sauko da ɗaya ƙasa, har mai sauƙin ya iya zama mafi sauƙi a cikin dukkan abokan kwak.

Akwai wani dalilin da ya ƙara wa ka'idar farin jini. Masu nazarin taurari sun daɗe da sanin cewa akwai wani ɓoyayyen sinadari a sararin samaniya wanda ba ya fitar da haske, kuma ya ninka sinadarin da aka sani kusan sau biyar. A yawancin siffofin babban daidaito, mafi sauƙi a cikin sababbin ƙwayoyin ba ya rikiɗewa, ba shi da caji, kuma yana ratsa abubuwa ba tare da ya bar alama ba. Sunansa niyutiralino, kuma ya dace da siffar wancan ɓoyayyen sinadari. Kada a rikita shi da niyutirino, wanda an riga an tabbatar da samuwarsa tun 1956.

Inda ake farautar a yau shi ne na'urar LHC ta cibiyar CERN. Zobe ne mai kewayen kilomita 27, a cikin rami mai zurfin kimanin mita 100, a kan iyakar Faransa da Suwizalan. Manyan maganaɗisai 1,232, waɗanda ake sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri, su ne ke lanƙwasa hanyar furoton. Ana kora furoton rukuni-rukuni ta fuskoki biyu masu kishiyantar juna da gudun da ya kusa na haske, rukunan su gamu sau miliyan 40 a daƙiƙa guda. A wuraren gamuwar aka kafa na'urorin ganowa. Biyu daga ciki ke neman sitop: ATLAS, mai tsawon mita 46 da nauyin tan 7,000, da CMS, wadda ba ta kai ta girma ba amma nauyinta tan 14,000 ne. Kowace ƙungiya tana da dubban masana, kuma kowace tana aikinta daban, domin sakamakon ɗaya ya zama mizanin na ɗaya. Ba za a iya adana duk karon da aka yi ba. Kwamfutoci suna tacewa nan take, su riƙe kimanin dubu ɗaya ko 'yan dubbai a daƙiƙa, su zubar da sauran.

Idan akwai sitop, bibbiyu zai riƙa fitowa, shi da kishiyarsa, galibi daga karon guluwan biyu da ke cikin furoton. Fitowar ba ta da yawa. A zagaye na biyu na aikin LHC, daga 2015 zuwa 2018, da ƙarfin karo na TeV 13, kowace daga cikin na'urorin biyu ta samu top bibbiyu fiye da sau miliyan 100. Da sitop yana da nauyin TeV ɗaya, da bai fi kimanin sau dubu ɗaya ya fito ba a duk tsawon waɗannan shekaru. Kuma ba shi za a gani ba, domin nan take zai rikiɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce ya zama top da niyutiralino. Top ya fashe zuwa botam da W, shi kuma W galibi ya zama ko dai kwak biyu, ko ilektiron ko ɗan'uwansa mai nauyi, muwan, tare da niyutirino. Kwak ba ya tafiya shi kaɗai, yana zama feshin ƙwayoyi masu tafiya wuri ɗaya, wanda ake kira jet. Niyutiralino biyun kuwa su fice daga na'ura salin-alin.

Mai sauraro zai iya tambaya: ta yaya ake gane abin da bai bar alama ba? Amsar tana cikin wata tsohuwar doka ta motsi. Kafin karo, furoton biyun suna tafiya ne a miƙe cikin bututu, babu wanda ke da motsi zuwa gefe. Saboda haka bayan karo, idan aka haɗa ƙarfin tafiyar duk abin da ya fantsama gefe, na dama ya soke na hagu, na sama ya soke na ƙasa, jimla ta zama sifiri. In aka lissafa abin da na'ura ta gani aka tarar ya rinjaya ɓangare ɗaya, to wani abu da ba a gani ba ya tafi ɗaya ɓangaren. Wannan giɓi shi ne babbar alamar da ake nema.

Wahalar ita ce niyutirino ma yana barin irin wannan giɓi, kuma top na yau da kullum yana fitar da shi. Mafi rikitarwa shi ne inda top biyu suka fito tare da ƙwayar Z, ita kuma Z ta rikiɗe zuwa niyutirino biyu. A idon na'ura wannan ba shi da bambanci da sitop. Don haka yawancin aikin masu binciken na tantancewa ne. Suna raba karon gida-gida: wanda babu ilektiron ko muwan a ciki, mai ɗaya, da mai biyu. Suna neman jet ɗin da ya fito daga botam, wanda ake gane shi domin ƙwayar da ke ɗauke da botam tana yin tafiyar 'yan milimita kafin ta fashe. Idan sitop mai nauyi ne sosai, top ɗin da ya haifa yana fita da gudu, har jet ukunsa su haɗe su zama babba guda, kuma a 'yan shekarun nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira ake horarwa su gane irin wannan. Akwai kuma wata al'ada mai kyau a wannan fage. Masu bincike suna rufe wa kansu ido daga yankin da ake sa ran alamar za ta fito, su kammala ƙididdigar abin da sanannun ƙwayoyi za su bayar a wurin, su gwada ƙididdigar a wasu yankuna na kusa, sannan su buɗe. Dalili shi ne kada son gano abu ya sa mutum ya gyara ma'auni har ya ga abin da yake so.

Ko an ga ƙari a kan ƙididdiga, ba a shelar ganowa sai ya kai matakin da ake kira sigma biyar, wato yiwuwar sanannun ƙwayoyi su ba da irinsa bisa katari ba ta fi ɗaya cikin miliyan uku da rabi ba. Tsaurin yana da dalili. A Disamba 2015 ATLAS da CMS duka sun ga wani ɗan ƙari a karon da ke fitar da foton biyu a wajen GeV 750. Masana suka rubuta ɗaruruwan maƙaloli suna fassara shi. Da aka tara ƙarin bayanai, zuwa Agusta 2016 ya ɓace.

Ga abin da aka samu game da sitop. Na'urar LEP, wadda ta yi aiki a cikin wannan rami na LHC daga 1989 zuwa 2000 tana gwara ilektiron da kishiyarsa, ta nuna babu shi a ƙasa da kusan GeV 100. Tevatron ta ci gaba da nema har aka rufe ta a 2011. Zagayen farko na LHC, daga 2010 zuwa 2012, ya ɗaga iyakar zuwa wajen GeV 700. Zagaye na biyu ya kai ta tsakanin GeV 1,200 da 1,300. Sai dai waɗannan alƙaluma suna da sharaɗi. An samo su ne bisa zaton cewa niyutiralino ba shi da nauyi sosai, kuma sitop hanya ɗaya tak yake bi wajen rikiɗewa. In aka sassauta sharaɗin, iyakar tana sauka.

Akwai lunguna da sitop zai iya ɓuya. Na farko, idan nauyinsa ya kusa na niyutiralino, babu isasshen ƙarfin da zai haifi top. Sai ya zama kwak ɗin cam da niyutiralino, ko ya fashe gida huɗu marasa ƙarfi waɗanda da kyar na'ura ke ganinsu. Dabarar da ake yi a nan ita ce a zaɓi karon da wani jet mai ƙarfi ya fita tun kafin a haifi sitop biyun, ya tura su gefe guda, giɓin ya fito fili. A wannan lungu iyakar ba ta wuce 'yan ɗaruruwan GeV ba. Na biyu, idan bambancin nauyin sitop da na niyutiralino ya yi daidai da nauyin top, abin da ke fitowa yana kama da top biyu na yau da kullum. Nan sai an koma ga auna yawan top da matuƙar daidaito, da duba kusurwar da 'ya'yansu ke fita, domin top biyun da aka haifa kai tsaye juyinsu yana da alaƙa da juna ta wata siffa sananniya, waɗanda suka fito daga sitop mai juyi sifiri kuwa ba su da wannan siffar. An toshe mafi yawan wannan lungu da bayanan zagaye na biyu. Na uku, akwai siffofin ka'idar da niyutiralino ma yake rikiɗewa, ko sitop ya zama kwak biyu kai tsaye, giɓin ya ɓace gaba ɗaya, sai tarin jet. Akwai kuma inda sitop ke daɗewa har ya ratsa na'ura a hankali kamar wata ƙwaya mai nauyi da caji. Duk an leƙa waɗannan, ba a ga kome ba.

Shi kansa nauyin Higgs ya ba da wata shaida mai harshen damo. A mafi sauƙin siffar babban daidaito, lissafin farko bai yarda Higgs ya wuce nauyin Z ba, wato GeV 91. Abin da zai ɗaga shi zuwa 125 shi ne gudummawar sitop, kuma don ta isa sai sitop ya yi nauyi, TeV ɗaya ko fiye, ko kuma biyun su gauraya sosai. Masu goyon bayan ka'idar suna cewa 125 yana cikin iyakar da ta yarda da ita, wadda ba ta wuce kimanin 135 ba, kuma bai kamata a yi mamakin rashin ganin sitop mai sauƙi ba. Masu suka suna cewa sitop mai nauyin haka ya rage amfanin da aka ƙirƙiro shi dominsa. Duka biyun suna da gaskiya. Sitop mai TeV ɗaya ko biyu yana rage daidaitawar nan ta fiye da gurbi 30 zuwa kamar ɗaya cikin ɗari ko cikin dubu. Wannan ragi ne babba, amma ba shi aka yi alkawari ba a shekarun 1990, lokacin da da yawa suka ɗauka LHC za ta ga sababbin ƙwayoyin a shekararta ta farko. Adalcin magana shi ne, gwaji bai rushe babban daidaito ba, amma ya kawar da siffarsa mafi sauƙi kuma mafi jan hankali, ya kuma sa masana sake tambayar ko ƙa'idar ƙin yarda da katari ta cancanci amincin da aka ba ta.

LHC ta shiga zagaye na uku a Yuli 2022 da ƙarfin TeV 13.6. Bayansa za a yi mata babban gyara, sannan ake sa ran ta koma aiki wajen 2030, ta tara bayanan da suka ninka na baya kusan sau goma. Ƙarfin karon ba zai ƙaru sosai ba, saboda haka iyakar nauyin sitop za ta matsa ne da 'yan ɗaruruwan GeV kawai, amma lungunan da alama ke da rauni za su fi amfana. Wuce nan sai da sabuwar na'ura. CERN tana nazarin wani zobe mai kewayen kimanin kilomita 91, ƙasar Sin ma tana da shirin nata mai kilomita 100. A shirin CERN, zoben zai fara ne da gwara ilektiron da kishiyarsa, kuma ba a sa ran ya koma gwara furoton kafin shekarun 2070.